Talaucin Baƙaƙen Fata a Biranen Amurka: Laifin Wa?

Akwai wata magana da 'yan Najeriya mazauna Amurka suke yawan yi idan hira ta biyo ta kan baƙaƙen fatar ƙasar, wato jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Sukan ce su sun shiga ƙasar da akwati ɗaya da 'yan daloli a aljihu, sun tuƙa tasi, sun yi gadi, sun kula da tsofaffi a gidajen jinya, kuma kafin shekara goma ta zagayo sun sayi gida, 'ya'yansu suna jami'a. To wanda aka haifa a ƙasar, yake da takardu, yake jin harshen tun yana goye, me ya hana shi? Amsar da sukan ba kansu ita ce mutuwar zuciya, da rashin tarbiyya, da son zaman kashe wando ana jiran tallafin gwamnati. Wannan magana ba su suka ƙirƙiro ta ba. Sun tarar da ita ne a can, domin Amurkawa sun fi shekara hamsin suna tafka muhawara a kanta, kuma ra'ayina shi ne mai faɗinta yana da ɗan abin kamawa, amma ya fara ba da labarin daga tsakiya.

Muhawarar ta ɗauki siffar da take da ita a yau a shekarar 1965, lokacin da Daniel Patrick Moynihan, wanda yake jami'i mai muƙamin mataimakin sakatare a ma'aikatar ƙwadago ta gwamnatin Lyndon Johnson, ya rubuta wani rahoto a kan iyalan baƙaƙen fata. Ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jariran baƙaƙen fata ana haifarsu ba tare da aure ba, cewa gidajen da mace ke riƙe da su ita kaɗai suna ƙaruwa a birane, kuma cewa dokokin ba da 'yanci da aka kafa a lokacin ba za su wadatar ba idan gida ya rushe. Moynihan ya san abin da yake faɗi daga cikin gida, domin mahaifinsa ya gudu ya bar su yana yaro, har ya yi sana'ar goge takalma a titunan New York. Ya kuma ɗora asalin matsalar a kan bauta, da wariya, da rashin aikin yi na maza, kuma burinsa shi ne gwamnati ta tashi tsaye ta samar wa mazan aiki. Amma rahoton ya fita ga jaridu a daidai lokacin tarzomar unguwar Watts ta birnin Los Angeles a watan Agusta na shekarar, inda mutum 34 suka mutu, sai jama'a suka ɗauki rabin maganar suka jefar da rabi. Masu ra'ayin riƙau suka ce ga hujja cewa matsalar tana cikin gidajen baƙaƙen fata ne. Masu ra'ayin sauyi kuma suka ce wannan ɗora wa wanda aka zalunta laifi ne, kuma har kusan shekara ashirin masana da yawa suka riƙa tsoron taɓa zancen iyali da ɗabi'a gaba ɗaya, wanda a ganina babbar asara ce, domin sun bar filin ga waɗanda ba su da niyyar taimakon kowa.

Wanda ya cike wannan fili da ƙarfi shi ne masanin siyasa Charles Murray, wanda a 1984 ya kafa hujja cewa tallafin da gwamnati ke ba matalauta shi ne ya lalata su, saboda ya sa rashin aure da rashin aiki sun zama abin da hankali zai iya zaɓa. Tun kafin nan Ronald Reagan ya riga ya shuka hoton a zukatan jama'a lokacin yaƙin neman zaɓensa na 1976, da labarin wata mata a Shikago da ke karɓar tallafi da sunaye barkatai. Matar ta wanzu kuma ta yi damfara, amma an mayar da mace ɗaya ta zama fuskar miliyoyin iyaye mata, kuma ba sai ya ambaci launin fatarta ba masu sauraro suka cike gurbin da kansu. Matsalar hujjar Murray ita ce lissafin bai tsaya ba: daga shekarun 1970 darajar kuɗin tallafin ta yi ta raguwa saboda hauhawar farashi, amma haihuwa ba aure ta ci gaba da hauhawa. Duk da haka ra'ayin ya yi nasara a siyasa. A 1996 Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da ta iyakance tallafin kuɗi zuwa shekara 5 a tsawon rayuwar mutum, ta kuma ɗaura shi da sharaɗin aiki. Yawan masu karɓa ya ragu da fiye da rabi, kuma iyaye mata da yawa sun shiga aiki, ko da yake hakan ya zo daidai da lokacin da tattalin arziƙin ƙasar ke bunƙasa sosai. Auren da aka ce zai dawo kuwa bai dawo ba.

Abin da nake nufi da fara labari daga tsakiya shi ne, kafin a tambayi yadda mutane ke rayuwa a wata unguwa, ya kamata a tambayi yadda suka taru a cikinta. Tsakanin shekarun 1910 da 1970, baƙaƙen fata kusan miliyan 6 sun bar jihohin kudu zuwa biranen arewa da yamma, suna gudun kisan gilla da dokokin wariya, suna neman aiki a masana'antun ƙarfe da na motoci da mayankan dabbobi. Mutumin da ya bar gonar auduga a Mississippi ya hau jirgin ƙasa zuwa Shikago don ya yi aikin dare a masana'anta, ko me za a kira shi, ba za a kira shi malalaci ba. Da suka iso sai suka tarar an shata musu inda za su zauna. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane sama da 200, ta raba unguwanni gida huɗu gwargwadon haɗarin ba da bashi, kuma kusan duk inda baƙaƙen fata suke an shafa masa jan launi, alamar wurin da ya fi haɗari. Hukumar da ke tsaya wa masu karɓar bashin sayen gida, wadda aka kafa a 1934, ta bi irin wannan tunani shekaru da dama, ta tsaya wa fararen fata suka sayi gidaje a sababbin unguwannin bayan gari, ta juya wa baƙaƙen fata baya. Sai a 1968 aka haramta wariya a harkar gidaje, bayan an riga an gama rabon.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda abin ya kasance a unguwa ɗaya, wato North Lawndale da ke yammacin Shikago. Da yake banki ba zai ba baƙar fata bashi ba, sai dillalai suka samu kasuwa. Dillali zai tsorata Bature mai gida cewa baƙaƙe suna tahowa kuma darajar gidansa za ta faɗi, ya saya da araha, sannan ya sayar wa baƙar fata a kan ninkin kuɗin, bisa yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. Takardar gidan tana hannun dillali har sai an biya kobo na ƙarshe, kuma idan mai saye ya kasa biyan wata ɗaya tak, ana iya fitar da shi, duk abin da ya zuba a baya ya bi ruwa, a sake sayar wa wani. Don kada hakan ta faru, maigida yakan kama aiki biyu, uwargida ma ta fita aiki, a yanka gidan ɗaki-ɗaki a zuba 'yan haya, kuɗin gyaran rufi da famfo kuma babu. Yara suna tashi iyaye ba sa gida, ginin yana lalacewa, sai mai wucewa a mota ya leƙo ya ce dubi yadda waɗannan mutane suke riƙe gidajensu da 'ya'yansu. A wannan unguwa Martin Luther King ya kama haya a 1966 don ya nuna wa ƙasar halin da ake ciki.

Sannan aikin da ya kawo su ya tafi. Kamfanin International Harvester ya rufe masana'antarsa da ke kusa, kamfanin Sears ya ɗauke hedikwatarsa daga unguwar zuwa tsakiyar birni a farkon shekarun 1970, babbar masana'antar Western Electric da ta taɓa ɗaukar ma'aikata sama da 40,000 ita ma ta rufe a shekarun 1980. Unguwar da ke da mutum kusan 125,000 a 1960 ta koma kusan 35,000 a 2020. Masanin zamantakewa William Julius Wilson, wanda shi kansa baƙar fata ne, ya nuna cewa tsakanin 1967 da 1987 Shikago ta rasa kusan kashi 60 cikin 100 na ayyukan masana'antunta, Detroit kuma ta rasa kusan rabi. Hujjarsa ita ce wadda ta fi gamsar da ni, domin bai musanta cewa ɗabi'u sun lalace ba, sai dai ya bi sawunsu zuwa inda suka fito. Aiki ba albashi kaɗai ba ne. Shi ke sa a tashi da asuba, shi ke sa yaro ya ga manya suna fita suna dawowa a kan lokaci, ta bakin masu aiki ake jin inda ake ɗaukar ma'aikata, kuma namijin da ba shi da shi mace ba ta ganin dalilin ɗaura aure da shi ko da ta haifa masa ɗa. Da dokar 1968 ta buɗe ƙofa, malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya da masu shaguna, waɗanda su ne ginshiƙan coci da ƙungiyoyin unguwa, suka tattara suka koma wasu wurare, aka bar waɗanda ba su da ƙarfin tashi. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ya kuma ga abin da ya samu gidaje da samarin wurin bayan an rufe su, ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

Masu cewa a gyara hali suna da hujjar da bai kamata a raina ba. Wasu masana biyu a cibiyar Brookings, Ron Haskins da Isabel Sawhill, sun nuna a 2009 cewa wanda ya gama sakandare, ya riƙe cikakken aiki, ya kuma yi aure kafin ya haihu, da wuya ƙwarai ya kasance cikin talauci. Wannan gaskiya ce, kuma duk uban kirki abin da zai gaya wa ɗansa ke nan. Gaskiya ne kuma cewa a yau kusan kashi 70 cikin 100 na jariran baƙaƙen fata ana haifarsu ba aure, cewa yawancin baƙaƙen fatar da ake kashewa 'yan'uwansu ne ke kashe su, kuma cewa kakar da ke tsoron aiken jikanta shago da yamma ba taswirar shekarun 1930 take tsoro ba, yaron maƙwabta mai bindiga take tsoro. Wanda ya ƙi faɗin haka don kada a ce ya zagi baƙaƙen fata bai kyauta wa kakar ba. Sai dai a cikin sharuɗɗan nan uku, wanda ya fi nauyi shi ne cikakken aiki, kuma shi ne wanda ba a hannun mutum kaɗai yake ba.

A nan ne binciken masaniyar zamantakewa Devah Pager ya shigo. Ta tura samari, farare da baƙaƙe, masu shekaru da kama da takardu iri ɗaya, su nemi ƙananan ayyuka a birnin Milwaukee, wasu lokuta su ce sun taɓa zaman gidan yari, wasu lokuta su ce ba su taɓa ba, kuma an wallafa sakamakon a 2003. Farin da ba shi da tabo an sake kiransa a kashi 34 cikin 100 na wuraren da ya nema, farin da ya ce ya yi zaman kaso a kashi 17, baƙin da ba shi da tabo a kashi 14, baƙin da ya ce ya yi zaman kaso a kashi 5. Wato saurayi baƙar fata da ya bi duk nasihar da aka yi masa, bai taɓa shiga hannun hukuma ba, bai fi farin da ya fito daga kurkuku samun karɓuwa ba. Ba na cewa wannan ya ba shi lasisin komawa bakin titi, amma wanda ke masa wa'azin haƙuri ya kamata ya san yawan ƙofofin da za a rufe masa kafin ɗaya ta buɗe.

Abin da ya fi komai tona asirin muhawarar, a ganina, shi ne abin da ya faru da aka rufe masana'antu a garuruwan fararen fata. A watan Satumba na 1977 aka sallami ma'aikata kusan 5,000 a masana'antar ƙarfe ta yankin Youngstown a jihar Ohio, kuma tsakanin 2000 da 2010 Amurka ta rasa ayyukan masana'antu sama da miliyan 5. A garuruwan da abin ya shafa aure ya ja baya, maza suka daina neman aiki, shaye-shaye ya yi yawa. Haihuwa ba aure a tsakanin fararen fata, wadda take kusan kashi 3 cikin 100 lokacin rahoton Moynihan, yanzu ta haura kashi ɗaya cikin huɗu, wato ta wuce adadin da ya tayar wa Moynihan hankali a kan baƙaƙen fata. A 2015 masana tattalin arziƙi Anne Case da Angus Deaton suka nuna cewa mace-mace na ƙaruwa a tsakanin fararen fata masu matsakaicin shekaru da ba su yi jami'a ba, sanadiyyar ƙwayoyi da giya da kashe kai. Murray, don a yi masa adalci, bai sauya ma'auni ba; su ma ya ce ɗabi'arsu ce ta lalace. Amma 'yan siyasa da jaridu sun sauya murya: aka shiga zancen garuruwan da aka manta da su, da laifin kamfanonin magunguna, da cinikayya da Sin, da bukatar asibitocin jinyar masu shaye-shaye. Lokacin da hodar iblis da ake dafawa ta zama dunƙule ta mamaye unguwannin baƙaƙen fata, dokar 1986 ta sa wanda aka kama da giram 5 nata ya sha hukuncin shekara 5 daidai da wanda aka kama da giram 500 na garin hodar, wadda masu kuɗi suka fi sha, kuma sai a 2010 aka rage wannan tazara. Cuta iri ɗaya ce, amma wani aka kai shi kurkuku, wani aka ce a kai shi asibiti.

Shi kuwa ɗan Najeriyan da ya shiga da akwati ɗaya, abin da yake mantawa shi ne abin da ke cikin kansa lokacin da ya sauka. Kusan kashi 60 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya da suka yi ƙaura zuwa Amurka suna da digiri, adadin da ya ninka na Amurkawa gaba ɗaya kusan sau biyu, kuma ya yi nisa ƙwarai da abin da ke akwai a Najeriya kanta. Biza da kuɗin jirgi rariya ce mai ƙananan ƙofofi. Kwatanta waɗanda suka tsallake ta da dukkan al'ummar wata unguwa a Baltimore kamar a ɗebo zakarun musabaƙa ne a gwada su da ɗaliban makarantar allo guda baki ɗaya. Ƙoƙarinsa na gaske ne, ba a hana shi yabo, amma bai gāji bashin gidan da aka ƙwace wa kakansa ba. A ƙididdigar babban bankin Amurka ta 2022, dukiyar matsakaicin gidan fararen fata ta kai kusan dala 285,000, ta baƙaƙen fata kuma kusan dala 45,000, kuma babban ɓangare na wannan tazara gidaje ne da gādo.

Su kansu baƙaƙen fata ba su taɓa daina yi wa juna faɗa a kan tarbiyya ba, a coci da masallaci da shagon aski. Barack Obama ya tsaya a wani coci a Shikago a watan Yuni na 2008 ya caccaki iyaye maza da ke gudu su bar 'ya'yansu, jama'ar cocin suka yi ta tafi, ko da yake Jesse Jackson, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, ya fusata yana ganin Obama yana yi wa baƙaƙen fata magana da raini. Dukansu biyu suna da abin faɗi. Nasihar da kawu zai yi wa ɗan ƙanwarsa cewa ya tashi ya nemi na kansa tana da amfani, domin abin da ke hannun yaron ke nan, kuma kawun zai raka shi neman aikin. Idan kalmomin nan suka fito daga bakin sanatan da ke riƙe da kasafin kuɗin makarantu da motocin haya da gidaje, sai su zama hanyar kauce wa abin da ke hannunsa shi.

An taɓa gwadawa a aikace a ga ko hali ne matsalar ko unguwa. Daga 1994 gwamnatin tarayya ta ɗauki iyalai kusan 4,600 daga gidajen gwamnati na unguwannin talakawa a Baltimore, Boston, Shikago, Los Angeles da New York, aka yi ƙuri'a, wasu aka ba su takardar biyan haya bisa sharaɗin su koma unguwar da talauci bai yi yawa ba, wasu aka bar su inda suke. Da yake ƙuri'a ce ta raba su, ba za a ce masu himma ne aka zaɓa ba. Sakamakon farko bai yi daɗi ba: iyayen da suka tashi sun samu kwanciyar hankali da sauƙin wasu cututtuka, amma samunsu bai ƙaru ba, kuma masu cewa hali ne matsalar suka ce ai dama sun faɗa. Sai da yaran suka girma, masanin tattalin arziƙi Raj Chetty da abokan aikinsa suka bi bayanan harajinsu, suka gano cewa waɗanda aka ɗauke suna ƙasa da shekara 13 suna samun kuɗin da ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 31 cikin 100, sun fi shiga jami'a, kuma 'yan matan cikinsu sun fi kauce wa haihuwa ba miji. Waɗanda aka ɗauke bayan sun wuce shekara 13 ba su amfana ba, wasu ma abin ya ɗan ja su baya. Iyayen ba su sauya ba, launin fatar bai sauya ba, kuma babu wanda ya yi wa yaran wa'azi na musamman. Titin da suke wasa da makarantar da suke zuwa ne kawai aka canza musu tun suna ƙanana. Kusan rabin iyalan da aka ba takardar ba su samu sun tashi ba, kuma daga cikin dalilan akwai ƙarancin gidajen da kuɗin takardar zai iya kamawa a unguwannin masu hali, da masu gidajen haya da ba sa karɓarta, da kuma uwar da ba ta da mota, wadda idan ta yi nisa da 'yan'uwanta ba ta da mai riƙe mata yara in ta tafi aiki.